Ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar NC State a Amurka ta ƙare kaka 17-14, akwai sauran fata a Maris ko mu haƙura?

Lahadi, 10 ga Maris 2024

Ɗan Raleigh: Salamu alaikum jama'ar gida. Jiya Pitt ta sake doke mu 81-73, wasa huɗu kenan a jere muna shan kashi, Florida State, UNC, Duke, yanzu kuma Pitt. An rufe kaka da nasara 17 rashi 14, a cikin rukuninmu na ACC kuma 9-11, mu ne na 10 cikin ƙungiyoyi 15. Wallahi nan garin Raleigh, gidan NC State, ko hirar ƙwallon kwando ba a son yi, kowa ka taɓa sai ya ce a sallami koci Keatts kawai a huta. Ni dai har yanzu zuciyata ta ƙi yarda cewa an gama, shi ya sa na kawo maganar nan, masu ilimin abin ku faɗa min gaskiya, akwai hanyar da za mu shiga March Madness, babbar gasar ƙasa ta jami'o'i, ko babu?

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Ƙanena gaskiya ɗaya ce, babu. Kwamiti ba zai ko buɗe fayil ɗinku ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ƙungiyar da ta fara ACC da 5-1 sannan ta ƙare 9-11 ai ta gama faɗa maka ko ita wacece. In kun samu gayyatar NIT, ƙaramar gasar waɗanda ba su shiga babbar ba, ku gode wa Allah.

Na Maraɗi: Ku yi min uzuri ni ɗan kallon ƙwallon ƙafa ne, kwando kwanan nan na fara bi saboda ɗan yayata da ke bugawa. Wane kwamiti kuma? Ba tebur ake dubawa ba kamar Firimiya, na sama su wuce na ƙasa su koma gida?

Malamin Lissafi: A'a malam, tsarin daban ne. Jami'o'in da ke buga matakin farko a Amurka sun haura 350, ba yadda za a yi kowa ya haɗu da kowa, sai aka raba su rukuni-rukuni guda 32, ACC ɗaya ce daga ciki. Babbar gasar NCAA, wato March Madness ɗin, tana ɗaukar ƙungiya 68. Guda 32 suna shiga kai tsaye, wato duk wanda ya ci kofin rukuninsa a wannan satin ko da kuwa duk shekara kashi yake sha. Sauran kujeru 36 kwamiti ne ke zama ya raba, ya duba wa ka ci, a ina ka ci shi, wa ya ci ka. Akwai ma'aunin da suke kira NET, da shi ake raba wasanni aji huɗu, ajin farko shi ne ka buga da ƙungiyar da ke cikin 30 na sama a gidanka, ko cikin 50 a filin da ba na kowa ba, ko cikin 75 a gidansu. NC State irin waɗannan nasarorin ba ta tara su ba, ita kanta a NET ɗin ba ta kusa da 50 na farko. Saboda haka ƙofar kwamiti a rufe take ruf. Saura ƙofa ɗaya, su ci kofin ACC a Washington.

Na Maraɗi: To ai shi kenan akwai ƙofa, su ci mana

Malamin Lissafi: Da baki ai da sauƙi. Huɗun farko sai ranar Alhamis za su fara, wasa uku kacal su ɗau kofi. Wanda ya zo na 10 tun Talata zai fara, wasa biyar cikin kwana biyar ba hutu ko na rana ɗaya. Louisville, sai Syracuse da ta ci su gida da waje a bana, sai Duke da ta je har Raleigh ta yi musu 79-64 satin da ya wuce, in an tsallake nan wataƙila Virginia, ƙarshe kuma UNC da ita ma ta ci su sau biyu. A tarihin ACC ba wanda ya taɓa yin wannan.

Tsohon Koci: Malam lissafinka daidai ne ban ja ba, amma bari in faɗi abin da idona ya gani, don shekara da shekaru na yi ina koyar da yara kwando a Kano kuma na san bambancin ƙungiyar da ba ta da kaya da wadda take da kaya ba ta san yadda za ta jera su ba. NC State ta biyun ce. Akwai DJ Burns, ƙaton nan bahago, in ya juya wa mutum baya a ƙarƙashin kwando sai ya yi ta tura shi a hankali kamar mai tura amalanke, in ka bar shi da mutum ɗaya zai zuba, in ka turo na biyu yana da idon fasin da ko masu raba ƙwallo da yawa ba su da shi. Matsalarsa numfashi da tsaron baya, shi ya sa ba ya daɗewa a fili. Sannan duba shekarun yaran, Horne ya yi Illinois State ya yi Arizona State, Morsell daga Virginia ya zo, O'Connell daga Stanford, Diarra daga Missouri, Taylor daga Butler, Middlebrooks daga Clemson. Duk manya ne da suka ga jiya suka ga yau, ba 'yan shekara 18 ba. Irin wannan taron haɗin gambiza yakan ɗau lokaci kafin su san juna, wani lokaci har kaka ta ƙare ba su haɗu ba. Ban ce za su ci kofi ba. Na ce Duke ba za ta ji daɗin haɗuwa da su ba.

Ɗan Raleigh: Allah ya ƙara lafiya Baba Koci, ka ɗan sanyaya min rai. Sai dai Horne ya ji ciwo a ƙugu jiya, kuma shi ne mai ci mana maki

Malamin Lissafi: Ka ji ko. Baba da girmanka, wata huɗu ana jiran su haɗu ba su haɗu ba sai a kwana biyar?

Maman Tagwaye: Ni abin da ke ci min rai ba yaran ba ne, kocin ne. Tun 2017 Kevin Keatts yake wurin nan, sau biyu ya kai su gasar, 2018 Seton Hall ta fitar da su wasan farko, 2023 Creighton ta fitar da su wasan farko, shekara bakwai ko wasa ɗaya bai ci ba a NCAA. Kuma makarantar nan ba ƙaramar makaranta ba ce, kofin ƙasa biyu gare ta, 1974 da 1983. Maƙwabtansu da ke nan kusa tafiyar rabin awa a mota, UNC na da shida Duke na da biyar, kullum su ake nunawa a talabijin. Na zauna North Carolina shekara huɗu lokacin maigidana na karatu, na san yadda magoya bayan State ke jin wannan abin a jikinsu, kofin ACC rabonsu da shi tun 1987, wasu iyayen yara ne yanzu ba a haife su ba a lokacin.

Tsohon Koci: Hajiya tunda kin ambaci 1983, wannan shekarar ma sai da suka ci kofin ACC kafin su samu tabbacin shiga, suka doke UNC ta Michael Jordan suka doke Virginia ta Ralph Sampson, suka tafi har wasan ƙarshe da Houston. Ɗanmu na Legas Hakeem Olajuwon yana Houston ɗin, kowa ya gama ba su kofi, sai Lorenzo Charles ya cafe ƙwallon da ta gaza kai wa kwando ya dankara ta a sakan na ƙarshe, 54-52. Hakeem aka ba gwarzon gasar duk da an ci su. Kuma biyar cikin kwana biyar an taɓa yi a wani rukunin, UConn ta Kemba Walker a 2011, daga nan ma suka wuce suka ɗau kofin ƙasa.

Malamin Lissafi: UConn ta 2011 ko da ta faɗi a wasa na biyu za ta shiga gasa, tana da manyan nasarori tun farkon kaka, kuma tana da Kemba. Wa ye Kemba a Raleigh? Shekara 41 kuma ta 1983 ba ta jefa wa kowa ƙwallo a kwando ranar Talata.

Ɗan Zariya: An ga wata jama'a, gobe azumi. Allah ya sa mu dace. Wasannin da yawa tsakar dare za su faɗo mana nan gida, awa biyar ne tsakaninmu da Washington yanzu, sai a haɗa da sahur

Talata, 12 ga Maris

Ɗan Raleigh: 94-85, mun wuce Louisville ba Horne. Morsell 25

Malamin Lissafi: Louisville ita ce ta ƙarshe a rukunin, wasa 8 ta ci duk shekara, kuma kun bar yaro ɗaya Skyy Clark ya zuba muku 36. Tsaron da ya ba Louisville maki 85 me zai yi da Duke? Ban ga abin da ya canza ba.

Tsohon Koci: A nan kam ina bayanka malam, tsaron yau bai yi ba ko kaɗan

Alhamis, 14 ga Maris

Ɗan Zariya: Wanda bai kwana ba ya ba mu labari, barci ya sace ni bayan tarawihi

Ɗan Raleigh: Syracuse 83-65 yaya! An dawo hutun rabin lokaci kawai suka ɓalle musu da gudu, Horne ya dawo ya shigo daga benci kuma da alama ƙugun ya yi sauƙi. Yau da dare Duke

Maman Tagwaye: Duke ta huta tun Asabar, mu wasa na uku cikin kwana uku. Ƙafafu ne abin tsoro, musamman Burns

Juma'a, 15 ga Maris

Ɗan Raleigh: 74-69!!! MUN CI DUKE. Jama'a hannuna rawa yake ina rubutun nan

Tsohon Koci: Alhamdu lillahi. Filipowski na Duke ya ci 28 amma sauran an rufe su. Ku bar maganar maki ku dubi Mohamed Diarra, maki 14 ribawun 16, wato cafe ƙwallon da aka jefa ba ta shiga ba, duk ƙwallon da ta daki ƙarfe ta dawo kamar da sunansa a jiki. Abin da na ce ba su jera ba kenan, da can Burns na fili ba mai share masa baya, yanzu an bar Diarra kusa da shi yana yin aikin da Burns ba zai iya ba, shi kuma O'Connell yana riƙe ƙwallo cikin natsuwa ba ya zubarwa. Kowa ya san aikinsa. Wannan ba ƙungiyar da na kalla a Fabrairu ba ce.

Na Maraɗi: Diarra ɗin nan musulmi ne? Sunan kamar na mutanen Mali

Ɗan Raleigh: Musulmi ne, daga Faransa ya zo, kuma yana azumi a haka. Wasan Louisville da rana aka buga kafin faɗuwar rana, na Duke kuma an fara shi dab da magariba

Maman Tagwaye: Allahu akbar. Bara ma haka Adama Sanogo ɗan Bamako ya yi da UConn, yana azumi har suka ɗau kofi aka ba shi gwarzon gasa. Ni wallahi ko don yaron nan zan tashi kallon na yau, Allah ya ƙara masa ƙarfi

Malamin Lissafi: Na yarda ban zaci wannan ba, kuma cin Duke a filin da ba na kowa ba nasara ce ta ajin farko. Amma kar murna ta ɗauke mu, 20-14 ba ta shigar da kowa ta ƙofar kwamiti. In Virginia ta ci su yau duk wannan ya zama labarin NIT. Virginia kuma ita ma neman kujera take, kuma salon kocinsu Tony Bennett shi ne ya rage gudun wasa ya cinye sakan 30 ɗin da doka ta ba kowane hari, ya sa ka gaji da tsaro. Ga wanda ya buga uku a jere wannan azaba ce.

Tsohon Koci: Ko kuma rahama ce malam. Wasa a hankali shi Burns yake so, ba gudu sama da ƙasa

Asabar, 16 ga Maris

Ɗan Zariya: INNA LILLAHI wa ya ga abin nan?? Cokali na hannuna ina sahur na tashi tsaye ban sani ba

Ɗan Raleigh: Ban iya magana ba tukuna

Na Maraɗi: Ku yi mana bayani dan Allah network ya ɗauke min a minti na ƙarshe

Tsohon Koci: Virginia na gaba 58-55, saura sakan biyar da ɗoriya, aka yi wa McKneely na Virginia keta ya je layin jifa. A kwaleji in ƙungiya ta tara keta bakwai a rabi guda, wanda aka yi wa yana jefa ɗaya, in ta shiga a ba shi ta biyu, in ba ta shiga ba ƙwallo na fili. Yaron nan gwanin jifa ne, da ya zuba ɗaya an gama don tazara ta zama huɗu. Sai ta ƙi. Ƙwallo ta isa hannun O'Connell ya ruga ta gefen hagu ya saki daga nesa da mutum a gabansa, ta daki allo ta shiga ƙarfen tana zagayawa kamar ba za ta faɗa ba, sannan ta faɗa. 58-58. A ƙarin lokaci aka yi ta ba Burns yana murƙushe su, 73-65. Abin da zan tambayi Bennett shi ne me ya hana su yi keta tun a tsakiyar fili, kana gaba da uku ka ba mutum jifa biyu ai ya fi ka bar shi ya saki ta uku. Na sha faɗa wa yarana wannan.

Malamin Lissafi: To Baba tsakani da Allah wannan shiri ne ko sa'a? Jifa ta allo daga wannan nisan, a sake ta sau goma nawa za ta shiga?

Tsohon Koci: Jifar sa'a ce ban musa ba. Amma kafin sa'ar ta same ka sai kana bayan maki uku kacal a wasa na huɗu cikin kwana huɗu, da a ce goma ake bin su ba jifar da za ta cece su. Kuma minti biyar na ƙarin lokaci ba sa'a ba ce, wanda ya fi gajiya a takarda shi ya fi ƙarfi a fili.

Maman Tagwaye: Saura UNC. A 1987 ma UNC State ta doke a wasan ƙarshe da maki ɗaya, 68-67, kuma a Landover nan gefen Washington. Ban son in sa rai wlh, an sha karya min zuciya

Lahadi, 17 ga Maris

Ɗan Raleigh: 84-76. Zakarun ACC. Shekara 37. Yanzu na dawo daga Hillsborough Street, an kunna wa hasumiyar makaranta jan wuta, mutane ko ina, na ga wani dattijo fari da jar riga tsohuwa yana kuka kamar yaro yana rungumar duk wanda ya gani har ni. Horne 29, kuma shi ɗan garin nan ne a nan ya tashi. Burns 20 har da jifar maki uku, ta farko a duk rayuwarsa ta kwaleji, shi aka ba gwarzon gasa. RJ Davis na UNC ya ci musu 30 bai isa ba. Malam ina jiran ka

Malamin Lissafi: Ga ni ƙanena. Na ce babu hanya, ga shi an bi ta, na yi kuskure kuma ina taya ka murna har zuciya. Diarra ribawun 60 cikin wasa biyar yana azumi, ba a taɓa tara haka a gasar ACC ba, wannan ko ni na sara masa. Amma akwai abin da ke damuna kuma zan faɗa ko za a ji haushi. Kujerar da NC State ta samu ba daga sama ta faɗo ba. Da UNC ce ta ci, ita dama tana ciki, kujerun kwamiti ba su ragu ba. Yanzu dole a cire wani. Kuma ba su kaɗai ba, Oregon ma ta yi haka a nata rukunin. Wata ƙungiya da ta yi wata huɗu tana aiki mai kyau za ta zauna a gida yau saboda wata ta yi kwana biyar masu kyau.

Na Maraɗi: Ni kuma a matsayina na baƙo wannan ne ya ja ni. A Firimiya in kana na 10 a watan ƙarshe ba abin da ya rage maka sai jiran kaka ta gaba, nan kuwa har ranar ƙarshe kana da ƙofa. Kuma kowa ya san dokar tun farko, ba a ɓoye ta ba

Litinin, 18 ga Maris

Malamin Lissafi: Jadawali ya fito cikin dare. Abin da na faɗa ya faru, Pitt ba ta shiga ba. Pitt da ta ci wasa 22, ta yi 12-8 a ACC, ta ci NC State ɗin nan kwana takwas kafin a fitar da sunaye. Indiana State wasa 28 ta ci ita ma tana waje, da Oklahoma da Seton Hall. Ku sa kanku a matsayin yaran Pitt.

Tsohon Koci: Abin da zafi, na taɓa tsayawa gaban yara ina faɗa musu ba za mu je gasa ba bayan sun yi duk abin da na ce su yi, ba na fatan kowa ya tsaya a wurin. Amma in za ka yi faɗa malam yi da kwamiti, su suka ɗau Virginia suka bar Pitt. Pitt ma ta je Washington, ta samu UNC a kusa da ƙarshe ba ta iya ba, washegari State ta iya.

Maman Tagwaye: Ni tambayata Keatts. Sati ɗaya da ya wuce na ce a sallame shi, yau ban san me zan ce ba. Kofin gaskiya ne, rashi 14 ɗin ma gaskiya ne. Kuma wasu daga cikin yaran nan shekararsu ta ƙarshe ce, Burns da Horne da Morsell duk tafiya za su yi, badi sai ya sake haɗa wasu daga farko. Zan ba shi hakkinsa na wannan satin amma ban canza ra'ayi gaba ɗaya ba sai na ga ya ci wasa a NCAA

Ɗan Zariya: To yanzu wa muka samu?

Ɗan Raleigh: Lamba 11 aka ba mu a shiyyar kudu, Texas Tech mai lamba 6 ranar Alhamis a Pittsburgh. In mun wuce sai wanda ya ci tsakanin Kentucky da Oakland. Houston ce ta 1 a shiyyar, Marquette ta 2, Duke ma tana nan ta 4

Malamin Lissafi: Lamba 11 ba mummunan wuri ba ne, 11 na yawan kayar da 6, kuma biyar sun taɓa kai wa huɗun ƙarshe daga nan, LSU 1986, George Mason 2006, VCU 2011, Loyola Chicago 2018, UCLA 2021. Texas Tech daga Big 12 ta fito inda kowane wasa yaƙi ne, kocinsu Grant McCasland shekararsa ta farko kenan kuma ya iya tsara tsaro. Ina ba State wasa ɗaya, rabi da rabi. Kentucky kuma gudunsu da jifarsu ta nesa ina ganin sun fi ƙarfin ƙafar Burns, za su ja shi waje su yi ta wuce shi.

Tsohon Koci: Kwana huɗu na hutu za su samu, ya ishe su. Abin da zan duba a minti biyar na farko shi ne ko Texas Tech za ta turo wa Burns mutum biyu. In sun turo, wasan na hannun Morsell da Taylor da O'Connell, su zuba na waje. In ba su turo ba a yi ta ba shi har sai sun turo. Kuma Middlebrooks ya shirya don ranar da Burns ya kwashi keta biyu da wuri shi zai riƙe wurin. Kentucky kuma tsaronsu bana ba abin yabo ba ne, su fara wuce Oakland tukuna mu yi maganarsu.

Ɗan Zariya: Ƙarfe nawa ne a nan gida?

Ɗan Raleigh: Wasan dare ne a can yaya, ku wajen uku saura na asubahin Juma'a zai faɗo muku, kafin a tashi lokacin sahur ya yi. Na Maraɗi ka nemi network mai kyau wannan karon

Na Maraɗi: Gidan ƙanina zan kwana, nasu ya fi ƙarfi. Baba Koci in an fara ka riƙa rubuto mana abin da kake gani game da mutum biyun nan, ni ban iya gane shi da idona ba tukuna